Adudun littattafan Lami: yadda muka shirya yinin suna a Garwa

Lahadi, 3 ga Nuwamba 2024

Yau kwana goma ke nan da ƙanwata ta dawo gida goyon ciki. Na fari ne, ya shiga wata takwas, kuma tun da ta dawo ba ta yarda su haɗa ido da Baba ba. Jiya da dare muna ɗakin Inna ta miƙo mini wayarta a ɓoye. Hotunan wata ƙawarta ce ta Yawunde: falo cike da balan-balan, mai cikin tana zaune a tsakiya, ga littattafan yara an jera a kan tebur. Ta ce a hankali, "Yaya, irin wannan nake so."

Shi ne abin da 'yan matan yanzu ke kira bebi-shawa. Al'adar mutanen Amurka ce, mata su taru kafin a haihu su kawo wa mai ciki kayan jariri. Wasunsu kan ce kada a zo da katin gaisuwa, a zo da littafin yara a rubuta gaisuwar a cikin bangonsa. Wannan ɗin ne ya kama mini zuciya. Shekarata 11 ina koyar da 'yan aji biyu na firamare a nan Garwa, arewacin Kamaru, kuma tun makon farko nake gane yaron da ya taɓa riƙe littafi a gidansu da wanda sai a aji ya fara taɓa shi.

Da safe na kai wa Inna maganar. Ba ta ɗago daga tsintar shinkafar da take yi ba, ta ce, "Ke, a gidan nan ba a yi wa ciki biki. A sauka lafiya tukuna." Ban yi musu ba, don a raina ma haka ne. Mun ga matan da suka tara kaya suka dawo daga asibiti hannu biyu, kayan suka zame musu abin kuka. Da na ce to idan muka mai da shi ranar suna fa, bayan la'asar, lokacin yinin mata? Ta yi shiru, can ta ce ba a fafe gora ranar tafiya, in yi shirina, amma a gidana na Yelwa, kada tsinke ɗaya ya shigo gidanmu na Hausare sai an haihu. A kan haka muka tsaya.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Na yini a babbar kasuwa ina neman littattafai, na dawo da ciwon ƙafa da wani abu da ya tsaya mini a rai.

Na Faransanci ba su da wuya. Akwai sababbi a shagunan kayan makaranta, akwai na gwanjo da ake bazawa a ƙasa a kan tamfol, daga sefa 500 zuwa 1,500. Na sayi uku masu kaurin shafi da kyawun zane. Yawancinsu labarin dusar ƙanƙara ne da dabbobin da ba a taɓa gani a bakin Binuwai ba, amma ban ƙi su ba, da Faransanci yaron zai yi makaranta, gara ya saba da shi tun da wuri. Wajen masu sayar da tasbaha da allo na samu na koyon baƙaƙen Larabci. Na Fillanci ma na ga guda biyu.

Na Hausa kuwa ko ɗaya. Shago tara na shiga. Wani dattijo, Bahaushe ne kamata, da Hausa muka gaisa muka yi ciniki, da na tambaye shi littafin yara na Hausa sai ya ce, "Malama, wa zai saya?"

A kan babur ina dawowa na yi ta juya maganarsa. A gida Hausa muke yi, a kasuwa Fillanci, a aji Faransanci, a makarantar allo Larabci. Harsunan gwamnati a Kamaru biyu ne, Faransanci da Ingilishi. Hausarmu a kunne kawai take, a rediyo da finafinan Kano da saƙon murya na WhatsApp. A ajina akwai 'ya'yan Hausawa da ba su taɓa ganin harshen uwarsu a kan takarda ba. Alhali tun shekarun 1930 ake buga littattafan Hausa na boko a Zariya, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ma a 1939 ta fara fitowa. Shekara 85 ke nan, kuma Yola ga ta nan kusa da mu, amma littafin bai tsallako ba.

Na je wurin Kawu, shi da yake kai kaya Yola. Na ba shi sefa 15,000 ya canza, ya sa wani abokin cinikinsa na Kano ya nemo mana duk abin da ya samu na yara.

Laraba, 13 ga Nuwamba

Mun tashi makaranta da wuri, na biya gida na auna tsakar gida da taku, ba tare da na ce komai ba: 14 a tsaye, 9 a kwance, ga darbejiya a kusurwar gabas. Rumfa biyu za su isa. Adon duka a kan Gizo da Ƙoƙi zai tsaya. Launi uku: shuɗin baba, fari, da ruwan ɗorawa. Abin da na ware wa ado da littattafai sefa 60,000 ne, abinci kuwa na su Inna ne da dangin miji.

Lahadi, 17 ga Nuwamba

Tunda kasuwa ba ta da shi, mu za mu yi namu. Da hantsi na tafi ɗakin Kaka da wayata, na ce, "Kaka, tatsuniya na zo ku yi mini, zan ɗauka in rubuta wa mai zuwa."

Ta dube ni ta dubi rana, ta ce tatsuniya da rana tsaka? Sai an ɗaure Gizo. Ta kama bakin zanenta ta ƙulle, ta ce in tuna mata ta kwance shi in mun gama. Rabona da ganin an yi haka tun ina 'yar shekara takwas. Sannan ta gyara zama ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku." Bakina ne ya amsa da kansa, "Ta zo mu ji ta."

Ta fara da ta Gizo da hankaki: yadda suke zuwa cin ɓaure a wata bishiya a tsakiyar kogi, ya roƙe su kowa ya ara masa gashi ɗaya, da aka isa ya riƙa cewa kowane nunanne nasa ne shi ya fara gani, har suka fusata kowa ya zare gashinsa suka bar shi a kan reshe. Na san labarin, amma na manta yadda take yin muryar Gizo da tsamin bakinsa, da yadda take sassauta murya in an zo wurin ruwa. Kafin azahar yaran gidan guda shida sun cika ƙofar ɗakin, ba wanda ya kira su. Ƙanwata ma tana bayan labule.

Tatsuniya tara muka ɗauka, awa biyu da minti goma. Da dare na zauna rubutawa na ga aikin ya fi yadda na zata. In na gyara maganar Gizo ta zama daidai, ya tashi daga Gizo. In na rubuta ta yadda Kaka ta faɗa, mai koyon karatu zai rikice. Na yanke in bar tsamin bakin a gajerun maganganunsa kawai. Sai waƙoƙin da ke tsakiyar labari, waɗanda takarda ba ta iya ɗaukar karinsu, na rubuta baitin na sa alama a gefe don mai karantawa ya san nan rerawa ake yi. Akwai kuma kalmomin Fillanci da suka shiga bakin Kaka, ita da aka haifa a garin nan duk da kakanninta fatake ne daga ƙasar Kano. Na yi niyyar canza su, na fasa. Hausar Garwa ce, ita yaron zai tashi yana ji.

Kaka ba ta karanta boko, amma ajami a wurinta kamar ruwa. Ta yarda za ta rubuta sunan kowace tatsuniya da hannunta, da tawada da alƙalamin kara, mu sa a saman shafi.

Juma'a, 22 ga Nuwamba

Saƙon Kawu ya iso, littattafai bakwai a cikin leda. Na yi murna ƙwarai, na zauna a ƙasa na karanta biyu a take. Sai dai duka na yaran da suka iya karatu ne, takarda siririya, zane kaɗan. Za su jira shekara bakwai ko takwas.

Jariri sabuwar haihuwa ba ya gani da kyau sai abin da ke kusa, kamar santimita 20 zuwa 30, wato daga ƙirjin uwa zuwa fuskarta, kuma baƙi da fari sun fi jan idonsa a kan launuka masu laushi. In ya yi 'yan watanni kuma komai baki yake kaiwa. Don haka littafinsa na farko na ƙyalle zai zama. Na kai wa telanmu farin yadi da baƙi, na zana masa shafi shida: wata, tauraro, ƙwarya, kifi, tafin hannu, sai gizo-gizo a kan saƙarsa. Na roƙe shi kada ya sa maɓalli ko dutsen ado ko wani abin da zai iya cirewa yaro ya haɗiye, ɗinki biyu-biyu, a cusa auduga kaɗan a tsakani. Ya ce shekararsa talatin a kan keke bai taɓa ɗinka littafi ba, amma zai gwada. Sefa 4,000.

Mijin ƙanwata ya tambaye ni ta waya, cikin ladabi, me jariri zai gane a karatu. Na ce masa ma'ana ba zai gane ba, murya yake sha. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka tun 2014 ta ba iyaye shawarar su riƙa karanta wa yaro tun daga haihuwa. Mu kuwa kafin su faɗa, ai da kiran salla a kunne muke tarbar ɗa, da waƙar reno muke kwantar da shi. Ya ce shi zai biya kuɗin kantar da za a jera littattafan.

Asabar, 30 ga Nuwamba

Yau ranar ƙ ce.

Na kai tatsuniyoyi biyar da na gama wurin masu buga takardu, da rubutun da za a manna a ƙofa. Yaron shagon ya buɗe a kwamfuta, sai ga ɓ da ɗ sun fito sarai, amma duk inda ƙ take wani ɗan akwati ne ya tsaya a wurin. Sunan Ƙoƙi ya zama akwati biyu. Shi ɓ da ɗ ya san su, don Fillanci yana da su, suna cikin baƙaƙen da aka tsara wa harsunan Kamaru a 1979. Amma Fillanci ba shi da ƙ, bai taɓa ganinta ba. Ya ce, "Madam, mu sa k kawai, ai duk ɗaya ne."

Ba ɗaya ba ne. Rubutun ƙofar cewa ya yi "Maraba da baƙinmu." In aka cire ƙugiyar ya koma bakinmu. Haka ƙafa da kafa, haka ƙoƙo da koko. Kuma in littafin Hausa na farko da yaro zai gani ya zo da kuskure a sunan matar Gizo, me muka yi ke nan? Muka zauna muna gwada salon rubutu ɗaya bayan ɗaya har muka dace da wanda ke da ita babba da ƙarama. Kusan awa biyu. Bai nuna gajiya ba, a ƙarshe ma ya ce in nuna masa yadda na sa madannin Hausa a wayata. Kwafi 20, shafi 24 kowanne, da bango mai kauri, sefa 22,000. Ya fi abin da na tsara, na rage daga kuɗin ado.

Talata, 3 ga Disamba

Hunturu ya sauka, hazo ya rufe gari, leɓe na tsagewa. Hotunan Gizo da kura da dila da ɗalibaina suka taya ni zanawa a kwali duk sun lanƙwashe, gam ɗin kanti kuma yana bushewa kafin ya kama. Maƙwabciyata ta dama mini kullun rogo, shi ya riƙe. Na danne su a ƙarƙashin katifa.

Balan-balan na cire su daga tsarin gaba ɗaya. Rana za ta fasa su, kuma guntayensu haɗari ne ga masu rarrafe. A madadinsu tela ya ba ni buhun ƙyallayen atamfa kyauta, muna yanka su kusurwa uku muna jerawa a igiya. Na sayi faifai 12, a tsakiyar kowanne za a manna baƙi ɗaya, har da ɓ da ɗ da ƙ. Kaka ta ba da adudunta na aure, a ciki baƙi za su riƙa sa littattafai.

Baba ya ji labarin hotunan, ya kira ni. Ya ce zaure wurin malamai ne da addu'a, ba ya son hoton mai rai a can, ko a ɗakin da ake salla. Na ce, "To Baba, yadda kuka ce." Adon zai tsaya a tsakar gida wajen mata da yara. Da na yi tunani ma hakan ya fi kyau, raɗin suna ba ya bukatar ado.

Kafinta ya zo. Kantar a bango za a rataye ta, nesa da ƙasa, saboda gara. Ta taɓa cinye mini kwalin littattafai guda a damina ɗaya.

Alhamis, 12 ga Disamba

Alhamdu lillahi. Ta sauka da asuba, mace, uwa da 'ya lafiya. Kaka ta leƙa fuskarta ta ce, "Kishiyata ta iso." Inna da bakinta ta ce in kwaso kayana.

Litinin, 16 ga Disamba

Gida ya cika da 'yan barka, ga wankan jego safe da yamma, ga kunun kanwa, ba wurin ajiye ƙafa. A nan ne Goggo ta ja ni gefe ta nuna mini abin da ban hango ba.

Na tura saƙon murya ga dangi da ƙawaye cewa kowa ya zo da littafi. Goggo ta ce, "'Yar nan, biki bashi ne. Wadda Innarku ta kai wa turmin atamfa ranar sunan jikarta, ba za ta zo da takarda ta ce ta biya ba, kuma ke ba ki da ikon yafe bashin da ba naki ba. Sannan rabin matan nan ba su yi boko ba. Kina so su zo su zauna suna jin kunya?"

Gaskiya ta faɗa, kuma ta yi mini zafi don na san na yi gaggawa. Na sake tura saƙo: kayan barka yana nan yadda aka saba, littafi ƙari ne ga mai hali. Sannan na sayi babban littafin rubutu mai shafi 200, na yi masa riga da atamfar ankon suna. Duk wadda ta zo za ta ba jaririyar wani abu daga bakinta, karin magana ko kacici-kacici ko waƙar reno, 'yan matan gidan su rubuta da sunanta a ƙasa. Da haka ba wadda za ta zo hannu wofi. Goggo ta ce ita za ta fara.

Laraba, 18 ga Disamba

Mun kafa rumfa, mun ɗaura igiyoyin ƙyalle daga darbejiya zuwa katanga, faifai a jikin bango, tabarmi huɗu a gindin bishiya don yara. Wuta ta ɗauke da magariba, muka ƙarasa da fitilun waya. Ana suyar cincin da dubulan a bayanmu. Ƙarfe ɗaya na kwanta.

Juma'a, 20 ga Disamba

Jiya aka yi. Da sassafe malamai suka taru a zaure, aka raba goro da dabino, aka yanka rago, aka raɗa suna. Sunan Kaka aka mayar, don haka ba mai iya faɗarsa a gidan, Lami muke kiranta tunda ranar Alhamis ta zo.

Mata suka fara shigowa bayan azahar. Iskar hunturu ta tsinke igiya ɗaya, ta kwashe hoton kura ta jefa a tukunyar zoɓo, sauran adon ya tsaya. Amma in faɗi gaskiya, ban ga wadda ta tsaya kallon ƙyallayen da muka kwashe mako biyu muna yankawa ba. Faifan baƙaƙe ne suka ja yara, suna nuna ƙ suna tambaya wannan wace iri ce.

Littafin rubutun nan shi ya ci taron. Na zaci za a yi ta noƙewa, sai ga layi. Wata tsohuwa daga dangin miji ta ba da kacici-kacici huɗu ta ce a ƙara mata shafi. Wata ta rera waƙar reno da Fillanci, muka rubuta ta a haka. Matan da ba su taɓa ganin sunansu a rubuce ba suna cewa a nuna musu inda yake. Shafi 37 aka cika.

Bayan la'asar Kaka ta zauna a gindin darbejiya, ta ƙulle bakin zanenta, yara sun fi talatin a gabanta. Ta yi ta Gizo da hankaki da ka, ni kuma ina gefenta riƙe da littafin ina bin layi da yatsa don su ga abin da take faɗa shi ne a rubuce. Wani ɗalibina, wanda karatun Faransanci ke ba shi wuya tun farkon shekara, ya matso ya karanta layi biyu da kansa, ya ɗago ya ce, "Madam, ai Hausa ce!" Sai da na juya baya na share ido. Da ta kai ƙurunƙus, yaran ne suka tuna mata ta kwance Gizo.

Inda na gaza: ban sa kowa tsaron adudu ba, littafi biyu sun yage, ɗaya ya ɓace. Kwafi 20 kuma sun yi kaɗan ƙwarai, har an yi ɓacin rai a kan rabon.

Lahadi, 29 ga Disamba

An rataye kanta a ɗakin mai jego, in ta yi arba'in za a kwance a kai gidanta. Na ƙirga abin da ke kai, 31: na Faransanci 15, na Ingilishi 2, na Larabci 3, na Fillanci 2, bakwai na Kano, na ƙyalle, da na Kaka. Littafin bakin mata yana cikin adudu. Biyun da suka yage na manne su. Kuɗin da na kashe ya kai sefa 71,500.

Ƙanwata ta ce da dare in Lami ta ƙi barci tana karanta mata tatsuniyar a hankali, ita ma a nan take koyon karatun Hausar. Yaran maƙwabta uku sun zo aron littafi, na buɗe musu takardar rubuta suna da rana.

Saura tatsuniya huɗu ban rubuta ba, ga mutum 14 da suka ce a buga musu kwafi za su biya. Kaka tana fama da tarin hunturu, muryarta ta dushe, amma ta aiko a gaya mini ta tuno wasu biyu, ɗaya ta Botorami. Na ce ta sha magani ta huta, ranar Asabar in Allah ya kai mu zan zo da waya, bayan isha wannan karon.